Bugu Biyar na Gangar Kawu

Na yi shekara biyu ina ɓata kiɗa da hannuna ina ɗora wa inji laifi. Injin samfula ne na hannu da na saya, ɗan akwati mai maɓallan roba goma sha shida. Kana ɗaukar sautin ganga ka ajiye a maɓalli, in ka danna ya buga. Ni kuwa mayen bes ne, wato kaurin sauti, so nake in ji ganga tana dukan ƙirjina. Sai in murɗe bes har ƙarshe, 'yar fitilar injin ta koma ja, sauti ya fito a tsattsage kamar ana yaga atamfa, in ce ai sifikar ce ba ta da kyau.

Da kyar na koyi hankali. Inji yana da iyakar abin da zai ɗauka, bes kuma shi ya fi komai cin wuri. In za ka ƙara shi, sai ka fara rage ƙarar gaba ɗaya ka bar masa sarari, sannan ka yanke gurnanin can ƙasa wanda kunne ba ya ji amma yake cika ma'auni. Babban darasin kuwa, abin da ya fashe lokacin ɗauka ya fashe ke nan. Ko ka rage ƙara daga baya, fashewar tana nan. Duk na san wannan tun kafin ranar da Kawu ya zo, shi ya sa abin yake cina har yau.

Kawu yayan mahaifiyata ne, yana zaune wajen Ƙofar Dawanau. Da ƙuruciyarsa gangar noma yake kaɗawa, in damina ta faɗi a ɗauke shi zuwa gonaki ya zuga masu gayya. Daga baya ciwon shanyewar jiki ya taɓa hannunsa na dama. Ya samu sauƙi, amma ya rataye ganga. Ba a taɓa ɗaukar kiɗansa ko a kaset ba, ni kuma na dame shi da naci ya zo in ɗauki ko bugu kaɗan ne, kada ya tafi da su.

Da hantsi ya iso gidanmu a Gwammaja, gangar a cikin buhu. Ya shanya ta a tsakar gida fata ta ɗame, sannan ya shigo ɗakina yana yi wa wayoyi kallon raini.

"To, mai inji, ina zan tsaya?"

Na nuna masa gaban makirfo. "Kawu, ɗan buga in gwada ma'auni."

Ya kalli bango. Bayan bangon nan zauren wani malami ne, dattawan unguwa suna ɗaukar karatun littattafai a wurinsa, muna ma jin muryoyinsu. Kawu mutumin da ne, ba ya sakin ganga kusa da inda ake karatu. Ya ɗan taɓa fatar da gula, sandar kiɗansa, a hankali sau uku.

Ni ban kawo malam a raina ba sam. Hannun na kalla, na ce a zuciyata iyakar ƙarfin da ya rage masa ke nan. Tausayi ya kama ni. Na murɗa ƙarar shiga sama sosai, har na ƙara bes tun daga bakin ɗauka, wai ina taimaka wa tsoho. Ban tambaye shi komai ba.

Ana haka muka ji sallamar dattawa da jan takalma. Kawu ya karkata kunne.

"Sun tashi?"

"Sun tashi, Kawu."

Ya gyara ratayar ganga a kafaɗa. Na danna ɗauka. Bugun farko sai da kwanon da ke kan taga ya yi ƙara, fitila ta kafe a ja. Na tsaya baki buɗe, don ban taɓa jin ganga haka a ɗaki ba. Kafin hannuna ya kai ga rage ƙara ya yi bugu biyar, gula ta suɓuce daga yatsunsa ta faɗi.

Na rage komai, na roƙe shi ya sake. Ya ɗauki gula ya sake har sau uku. Suka shiga tas, babu ja ko ɗaya, babu kuma ƙarfi.

Mako guda na yi a kan waɗannan masu tsabtar. Na bar sarari, na yanke gurnani, na ƙara bes kaɗan-kaɗan ina duban fitila, har suka yi nauyin da duk wanda ya ji zai yaba. Na ɗauki inji da ƙaramar sifika na tafi gidansa bayan la'asar, ina jin kaina.

Ya saurara, ya taɓe baki. "Wane ne wannan?"

"Kai ne mana, Kawu."

"Wannan lallashin ganga yake. Da shi aka kai gona, da manoma sun yi barci. Ina na farkon?"

Ban so ba, amma na danna. Bugu biyar suka fito a tsattsage. Ya rufe ido har suka ƙare.

"Hannun nawa ne," ya ce. "Amma fatar ta fashe."

"Fata lafiyarta ƙalau, Kawu. Ni na ɓata. Da ka gwada a hankali, na ɗauka ƙarfinka ke nan."

Kunya ta hana ni ɗaga kai. Ya daɗe yana duban hannunsa a kan gwiwa.

"Ni ma haka na ɗauka," ya ce. "Sake sa mini."