Ranar da Inna Ta Ce In Ƙara Wuta

Shekarun baya, tun ana bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ba tare da an tsaya tambayar lafiyarta ba, aka mayar da ni koyarwa a wata firamare a Mabai. Lokacin na haura talatin, da mata da 'ya'ya biyu, amma ko keke ban iya da kirki ba. Tafiyar yau da gobe ta ishe ni, dole na sayi mashin. Ranar da aka kawo shi, turo shi aka yi har ƙofar gida, ina biye a baya kamar ba nawa ba.

Mahaifiyata, Inna muke ce mata, ta leƙo ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Allah shi sanya albarka, Malam. Amma ni dai ba da ni ba." Tana da dalilinta. Wani ɗan kabu-kabu ya taɓa kayar da ita, har yau akwai tabon ƙunar salansa a ƙwaurinta. Duk da haka maganar ta tsaya mani a rai, don na san tana hawa bayan wasu in ta kama dole. Ni ne dai, ɗan cikinta, ba ta yarda da hannuna ba. Tun ranar na ƙudura sai Inna ta hau mashin ɗin nan.

Kawuna bakanike ne a bakin kasuwar Ƙanƙara, shi ya ɗauki nauyin koya mani. Na zaci rana guda zai nuna mani giya in kama hanya. Ina! Kwana huɗu muka yi a wani fili bayan gari ba abin da nake yi sai tashi da tsayawa. Yana cewa, "Tashi ba aiki ba ne, ko mahaukaci ya iya tashi da mashin. Tsayawa nike so ka iya." Ya hana ni hawa da silifas. Ya sa na sayi hular kwano. Ya ce in na shiga yashi kada in kuskura in damƙe birkin gaba. Ya ce ramin da nake tsoro kada in zuba mashi ido, in kalli inda nake so in bi, don inda ido ya tafi can mashin yake zuwa. Wannan na ƙarshen ban yarda ba sai da na zuba wa wata bishiyar dogonyaro ido, na kuwa je na rungume ta.

Sai babbar dokarsa: kafin in tayar, in zagaya mashin sau ɗaya. In latsa taya, in gwada birki, in danna hon, in gyara madubi, in tattare rigata in danne ta da cinya. In kuma na ɗauki mace, kada in motsa sai na ga bakin mayafinta a hannunta ko a ƙarƙashinta.

To a garinmu, abu na farko da saurayi yake yi wa sabon mashin shi ne ya kwance madubai biyun ya jefa ƙarƙashin gado. Wai mashin mai madubi na tsofaffi ne. Wasu har murfin sarƙa suke cirewa. Ni kuwa ga madubai tsaye, ga hular kwano, ga zagaye kullum safe. Wanda ya fi kowa samun abin yi da ni shi ne ɗan gwaggona, taubashina, wanda tun yana ɗan shekara goma sha biyar yake kan mashin. In ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Ku ba da hanya, ga jirgin sama zai tashi! Malam, ka gama ɗawafin?" Ina dariya tare da jama'a, amma Allah ya sani abin yana ci mani rai. Sau biyu na ɗauko sifana zan kwance madubin, in na tuna fuskar Kawu sai in mayar.

Wata biyar ina zuwa Mabai ina dawowa ban ko taka kaza ba. Sai ƙanwata da ke aure a Sheme ta haihu. Ranar suna, motar da aka yi magana da ita ta cika da mata da kwanuka tun kafin Inna da Gwaggo su gama shiri. Mashin biyu suka rage a ƙofar gida, nawa da na taubashina. Gwaggo ta haye bayan ɗanta. Inna ta tsaya ta daɗe tana kallona.

"Malam," ta ce, "in ka wuce tahiyar jaki, sauka zan yi in taka da ƙafata."

Na ce na ji. Na zagaya mashin. Na ce, "Inna, tattaro bakin hijabin ki zauna a kanshi." Ta tattare. Na juya wurin Gwaggo, wadda ta sha wani dogon mayafi mai ruwan goro, sabo fil, na ce ita ma ta kama nata. Taubashina ya yi caraf ya ce, "Kai, rabu da mu da wa'azi. Shekara nawa nike ɗaukar tsohuwag ga?" Gwaggo ta ɗan ja mayafin ta riƙe, suka yi gaba.

Muka bi su a baya, na bar tazara kamar yadda aka koya mani. Inna ta riƙe kafaɗata da ƙarfin da ban san tana da shi ba, tana ta jan salati. Bayan mun wuce 'Yargoje sai na ji hannun ya fara sassautawa. Har ta ce, "Ashe dawa ta yi kyau haka bana." Daɗi ya kama ni, na ce a raina yau na ci jarrabawa.

A daidai nan na hango abin. Gwaggo ta saki mayafin don ta gyara ƙullin da ke cinyarta, iska ta kwashe bakinsa ta gefen hagu. Yana sauka yana lasar tayar baya, yana tashi, yana sake sauka, daidai inda sarƙa take tsirara ba murfi. Ɗaya ɓangaren kuwa a naɗe yake a wuyanta. Kawu ya taɓa ba ni labarin abin da sarƙa take yi in ta kama mayafi ana cikin gudu, ban kuma so in tuna ba.

Na danna hon, na sake dannawa, na kwanta a kansa. Taubashina ba shi da madubin da zai ga abin da ke bayansa. Ya zaci tsokana ce, wai Malam ya yi ƙarfin da zai nemi hanya. Ya ɗaga hannu ɗaya sama ya kaɗa mani, ya ƙara gudu.

Inna ta ce, "Lahiya?" Na ce, "Mayahin Gwaggo, dubi taya!" Ta leƙa ta gefen kafaɗata. Na ji ta ja numfashi. Sai matar nan da ta yi mani sharaɗin tafiyar jaki ta buga bayana ta ce, "Ƙara wuta, Malam! Kamo su!"

Ban taɓa kai mashin ɗin nan ƙarshen giya ba sai ranar. Amma ko a cikin wannan tsoron, abin da aka dasa mani shi ya yi aiki. Na dubi madubi, na ga wata motar ɗaukar buhuna tana taho mana a baya da gudu. Da na fita a lokacin, da labarin ya zama wani daban. Na dakata ta wuce, na duba gaba ba kowa, sannan na fita hagu na murɗa totur. Akwai wani rami a tsakiyar kwalta, na ɗauke idona daga kansa na kalli gefensa, muka wuce. Na jera da su.

Taubashina ya juyo yana dariya. Inna ce ta katse mashi ita. "Kai! Tsaya, don ubanka! Za ka kashe uwarka!" Ni kuma ina ta yi mashi alama da kai ina cewa, "Sannu-sannu! Kada ka taka birki da ƙarhi!" Ya ga fuskokinmu, ya saki totur, ya fara rage gudu. Mun kusa tsayawa ke nan, gudun bai fi na mai sassarfa ba, sarƙar ta cafke mayafin. Kan Gwaggo ya fizgu baya, mashin ya yi tsalle ɗaya ya mutu. Na tsaya a gefen titi, birki biyu tare, ƙafata a ƙasa, Inna ko gezau ba ta yi ba.

Da wuƙar wani mai rake muka yanke mayafin. Rabinsa ya naɗe a sarƙa ya yi baƙi ƙirin. Gwaggo ta zauna a ƙasa tana tari, ga jan layi ya kwanta a wuyanta, amma tana numfashi, tana magana. Maganarta ta farko ma ita ce, "Wayyo, sabon mayahina." Inna ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Taubashina kuwa ya tsuguna ya riƙe kai.

Mun isa Sheme an riga an raɗa suna. Kafin a sauke tuwo labarin ya zagaye gidan, kuma kowa ya ba da shi sai ya ƙara mani gudu. Zuwa la'asar har an ce na tsallake mota. Ban gyara wa kowa ba.

Bayan kwana biyu na biya ta wurin Kawu, na tarar da taubashina a tsugune ana ɗaura mashi madubai da murfin sarƙa. Na tsaya a kansa na ce, "A'a, jirgi na biyu zai tashi ke nan?" Ya ce, "Malam, ka amshi bashinka, ka tahi." Kawu kuwa ya miƙo mani rabin goron da ke hannunsa, abin da bai taɓa yi ba.

Har yau in na ga sabon mahayi yana jin kunyar hular kwano ko madubi, ina gane abin da yake ji, don na ji shi. Nakan ce mashi ya bari a yi dariyar, ba ta fasa kai. Ya koyi tsayawa kafin gudu, ya dubi kayan wanda ya ɗauka kafin ya dubi hanya. Gudun da na yi ranar nan sau ɗaya ne a rayuwata, kuma wata biyar na tafiyar jaki ne suka sa na iya yinsa na sauka lafiya.

Amma abin da ya fi zauna mani shi ne yammacin ranar sunan. An fito za a koma gida, direban motar ya ce wa Inna an samu wuri a gaba, Hajiya ta zo ta zauna. Inna ta wuce shi kamar ba da ita yake ba. Ta zo ta tsaya jikin mashin ɗina a gaban dangi kaf, ta tattare hijabinta da kanta. Na ɗaga ƙafa zan hau, don ɗoki har na manta.

Ta riƙe hannun rigata ta ce, "A'a, Malam. Zagaya shi tukuna. Ina jira."