Mai Goran Ruwa a Garin Mele

Duk wanda ya zauna a unguwar Damilu ta Jimeta ya san Yakaka mai turare, ko bai san fuskarta ba ya san ƙamshin layinsu. Matan unguwa Dada Mele suke ce mata, wato uwar Mele, da sunan ɗanta tilo. Gajeruwa ce, mai tsagar Barebari, ba ta da hayaniya, amma in ta kafe a kan abu gara ka je ka tura bango.

A Dikwa aka haife ta, a hannun gwaggonta ta koyi jiƙa icce da dakan kajiji da suyar farcen turare. Aure ya kai ta Mubi, gidan Modu mai sayar da huluna, mutumin da ko da akuya ya haɗu sai ya tambaye ta mutan gida. Mele ya biyo shi a surutu, har uwar takan ce Allah ya haɗa ta da rediyo biyu, ba mai makunni a cikinsu.

Shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga, da ƙafa suka fita. Harsashi ya sami Modu a cinya tun a bakin gari. Ya daure, suka yi ta jansa ta cikin gonaki, har ƙafar ta ƙi ɗaukarsa a gindin wata tsamiya ta wajen Hong. Ƙarar bindiga na matsowa, mutane na wuce su a guje, Yakaka ta zauna dirshan ta ce ba inda za ta. Mele, yana ɗan shekara goma sha uku, shi ya cafki hannunta ya yi ta ja, tana turjewa tana kuka, har tsamiyar ta ɓace musu. Da ƙura ta lafa an nema, ba a sami Modu ba, ba a sami kabarinsa ba.

Da suka iso Jimeta, sun fara zama a ajin wata makaranta tare da sauran 'yan gudun hijira, daga baya suka sami ɗaki biyu a gidan su Jemimah, wata mata mai shagon cajin waya a ƙofar gida. Yakaka ta sake hura kaskonta. Sannu ba ta hana zuwa, turarenta ya shiga gidajen biki daga Jimeta har Yola. Mele ya girma ya zama mai walda. Ba ya shaye-shaye, ba ya ɗaga mata murya, cefane ba ya yankewa. Amma bakinsa ya mutu. "Ina kwana, Ya." "Sai da safe, Ya." Haka 'yan Borno ke kiran uwa, kuma iyakar abin da take samu ke nan. Ko gaisuwar ma kansa a ƙasa yake yin ta. Wannan shirun ya fi komai ci mata rai, don a ganinta yaron bai yafe mata tafiyar da ta yi ta bar ubansa ba.

Wata rana tana tace humra sai ta ji dariya daga ɗakinsa, irin ta Modu sak, mai haɗe da tari. Kwalbar hannunta ta kusa suɓucewa. Ta leƙa ta labule, ta gan shi da abin ji a kunne, ya duƙufa kan waya, yana ta ba wasu umarni da Turanci da Hausa a cakuɗe.

Ta tafi shagon Jemimah da tambaya.

"Dada Mele, wasa ne na cikin waya," in ji Jemimah. "Mutanen duniya duka suna ciki, kowa da mutum-mutuminshi. Ɗanki kam babban oga ne a wurin, dodo ma yana kashewa."

"Ana jin magana a ciki?"

"In kun yi kusa da juna, ana ji."

"To sa ni."

Jemimah ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ke? Wayanki ma da ƙyar zai ɗauka fa."

Wayar dai ta ɗauka. Sunan wasan da Turanci yake, harshen Yakaka ya ƙi juya shi, sai ta raɗa masa Garin Mele. Jemimah ta zaɓa mata wata 'yar mata mai koren mayafi da goran ruwan magani a kafaɗa, ta nuna mata inda ake dannawa a yi tafiya da inda ake dannawa a shayar. Ta kuma nuna mata Mele daga nesa, wani dogo mai jar alkyabba, ta ce ita ba za ta faɗa masa ba.

Sai dai Garin Mele ma duniya ce, da manya da ƙanana. Manyan jarumai can kan duwatsu suke yaƙinsu, su ake wa kirari, su ke tafiya suna hura hanci kamar su suka gina garin. Ƙasa kuwa talakawan matafiya ne cike da hanya: masu tsinko ganyen magani, masu saro icce, masu kai saƙo daga ƙauye zuwa ƙauye, masu korar ɓeraye daga rumbu. Ba mai tambayar sunansu, alhali in suka yi yaji rana guda kasuwar garin ba ta ci, jarumin ma ya rasa mai wasa masa takobi. A cikinsu Yakaka ta tsinci kanta. Ta gwada hawa dutsen don ta iske ɗanta, wani ƙaramin kerkeci ya maido ta tun daga gindi. Ta gwada har ta haƙura.

A hanyar ƙasan nan ta fara ganin waɗanda suka faɗi. Dokar wasan ita ce, in an kayar da kai za ka kwanta na ɗan lokaci. In mai gora ya shayar da kai, ka tashi da kayanka. In ba wanda ya tsaya, sai ka farfaɗo a ƙofar gari hannu rabbana. Mutane tsallake su suke yi, don tsayawar ba ta ƙara wa kowa girma. Yakaka ta kasa. Duk wanda ta gani a yashe sai ta durƙusa, ta kai baki kusa da waya ta ce da Hausa da Barbarci, "Sannu, wushe. Ga ruwa." In goran ya ƙare, takan zauna kusa da mutum har ya ɓace.

"Dada, ba mutuwan gaske ba ne!" Jemimah takan ce. "Shi ya sa har yau kina nan a aji ɗaya."

"Ajin ya ishe ni."

Tsakanin azahar da la'asar, in ciniki ya yi sanyi, nan ne lokacinta. Ta tayar da masu yaren da ba ta taɓa ji ba, wasu su yi godiya, wasu su tashi su ruga ko waiwaye babu. Talakawan hanya suka san ta, suka riƙa ajiye mata ganye don cika gora. Abin da ya kawo ta ne dai ba ta samu ba. Muryar Mele na can kan dutse.

Ran wata Lahadi da yamma, ana yayyafi, tana zaune a baranda da wayarta, Mele na ɗaki. Manyan sun je tsokanar wani dodo da ya fi ƙarfinsu, ya ko biyo su har gangare. Sai ga jarumai na kwararowa a guje, masu kirari da marasa kirari, kowa ta kansa yake yi. Yakaka ta kutsa ta cikinsu tana nufar inda suke barowa. A bakin wata gada ta ga jar alkyabba a ƙasa.

Ta durƙusa. "Sannu, wushe. Ga ruwa."

Sai murya ta fito ta wuri biyu, ta cikin waya da ta bayan labule.

"Ya? Ya, ke ce? Gudu! Ki bar ni ki gudu, yana zuwa!"

"Ba inda za ni."

Dodon ya iso ya yi abin da ya zo yi. Koren mayafi ya kwanta kusa da jar alkyabba.

Mele ya fito, abin jin na reto a wuyansa. Ya tsuguna a gabanta, ruwa na ɗiga masa a kafaɗa.

"Wasa ne fa, Ya. A ƙofar gari ake tashi."

"Na sani. Ni dai na bar mutum a hanya sau ɗaya, ba na ƙarawa."

Fuskarsa ta yamutse kamar ta ƙaramin yaro. "Ba ke kika bar shi ba. Ni na ja ki. Kullum in kika dube ni, na san hannun nan kike gani."

Yakaka ta saki wayar a cinyarta. Shekara da shekaru tana zaton fushi yake da ita, ashe shi ma hukuncinta yake jira. Tausayinsa ya kama ta. Ta kamo hannun, duk tabon walda, ta ɗora a kanta.

"Ni kuwa na ɗauka kana ganin matar da ta gudu ta bar ubanka. Mele, hannun nan ne ya sa nake raye."

Suka yi kukan da ba su sami sukunin yi ba a hanya. Jemimah ta leƙo, ta gani, ta koma shagonta a hankali.

Bayan sati suka shiga motar Mubi a tashar Jambutu, suka sauka kafin Hong. Tsamiya ta yi yawa a wurin, Yakaka ta rasa wacce ce. Mele bai yi ko dube-dube ba, ya ratsa gonar gyaɗa ya kai ta gindin wata mai reshe a karye. Babu komai a wurin sai ciyawa da sawun shanu. Suka zauna suka yi addu'a mai tsawo.

Da suka shafa, ya ce, "Akwai abin da ban faɗa miki ba. Lokacin da kike kuka, Baba ya jawo kunnena ya ce, ka kai uwarka inda mutane suke, ko da ja ne. Na ji tsoron in faɗa, kar ya zama na ɗora wa mamaci laifina."

Ya gyara zama ya fuskanci gindin bishiyar, ya cire hularsa, ya rage murya yadda ɗa ke yi a gaban uba.

"Baba, ga ta nan. Na kai ta."