Idan Hedimasta Ya Ɗaga Hannu

Shekara uku muna yin gwanjon tara kuɗin rufin makarantar unguwarmu, shekara uku muna tashi da abin da ko ƙusa ba zai saya ba, kuma mai jawo mana wannan asara mahaifina ne. Ni ce sakatariyar kwamitin, don haka ni nake shan harara.

Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana hedimasta a firamaren. Ya yi ritaya tun ban yi aure ba, amma har yau in ya biyo layi, bakaniken da ya tara jikoki sai ya ɓoye sigari a bayansa. Gajere ne siriri, kullum da jan biro a aljihun gaba. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, sai dai ya dube ka ta saman tabarau ka ji duk laifin da ka yi tun kana aji biyu ya dawo maka. Ya taɓa tsayawa a ƙofar wani shagon aski har sai da aka gyara kuskuren rubutun da ke kan allon. Rabin mutanen unguwar nan sun tsaya a gaban teburinsa hannu a baya.

Aji huɗu da aji biyar suke yoyo. Kwanon ya ci tsatsa, silin ya saki ciki, da hadari ya haɗu sai a kora yara gida. Shi ya sa muka fara gwanjon, kuma wallahi ba wasa muke yi da shi ba. Wata biyu nake yi ina bin shaguna ina roƙon kaya, ina murmushi ga mutanen da ko gaisuwata ba sa amsawa. Mu wanke kayan, mu manna wa kowane lamba, mu jera su yadda manyan kayan za su zo a tsakiya lokacin da ɗakin taro ya cika. Mu aro kujeru, mu gwada lasifika sau goma. Mai gwanjonmu dillalin motoci ne, mutumin da zai iya sayar maka da takalminka kana sanye da shi.

Shekarar farko, aka fito da fanka sabuwa fil. Dillali ya faɗi farashin farawa, Baba da ke layin gaba ya ɗaga hannu a hankali. Shi ke nan. Ɗaki ya yi tsit.

"Jama'a, wa zai ƙara? Fanka ce fa, ba maficin kaba ba!" in ji dillali. Ya dubi mai kemis, wanda kowa ya san ya zo da aljihu a cike. "Ranka ya daɗe, ka ce wani abu mana."

Mai kemis ya sunkuyar da kai. "Ni in taya a kan Hedimasta? Rufa mini asiri."

Haka aka sallama fankar. Haka keken ɗinki ya tafi, haka ƙaramin firji. Duk abin da Baba ya ga an yi shiru a kansa na ɗan lokaci sai tausayi ya kama shi ya ɗaga hannu, da ya ɗaga kuwa sai shirun ya tabbata. A hanyar gida yana ta mita, wai mutanen yanzu ba su da kishin makaranta.

Shekara ta biyu muka yi dabara. Muka ajiye takarda a gaban kowane kaya, kowa ya rubuta tayinsa a tsanake. Baba ya riga kowa zuwa, ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya da jan bironsa. Wa zai sa hannu a ƙarƙashin wannan rubutun? Shekara ta uku muka naɗa shi babban baƙo, muka ɗora shi kan dandamali, a zatonmu girman kujerar zai riƙe shi. Sai muka ba shi wurin da har na bakin ƙofa ke ganin hannunsa.

Bana mu 'yan kwamiti muka zauna a bayan shagon mai kemis, tsakanin kwalayen magani. Kafinta ya ce ya hau rufin ya duba, katakon ya ruɓe, ba zai kai ƙarshen damina ba. Sabuwar shugabar makarantar ta ce in ba a gyara ba dole ta rufe azuzuwan biyu, yara sittin da ɗoriya su watse zuwa wasu makarantu masu nisa. Daga nan kowa ya juyo yana kallona.

"Ke ce 'yarsa," in ji mai kemis.

"Kai ma ai ɗalibinsa ne."

"Shi ya sa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Manyan mutane masu gemu, an rasa mai iya faɗa wa tsoho magana ɗaya! To ni ma ɗin ban iya ba. Na kira yayana na ce ya gayyaci Baba ya yi masa sati biyu. Baba ya tafi, ya dawo ana saura kwana biyu, wai ba zai bar mu mu kaɗai da wannan nauyi ba.

Da la'asar na same shi a ɗakinsa yana goge rigar da zai sa. Da ƙyar na sami wurin tsayawa. Fanka uku a jere, keken ɗinkin da bai san yadda ake sa masa zare ba, firji cike da tsofaffin jaridu, keken yara a jingine da gado. Ya nuna mini ambulan a kan tebur, abin da ya riƙa cirewa daga fanshonsa duk wata.

"Bana na fi shiri, Uwata," ya ce. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na yi niyyar lallaɓawa, na ma shirya kalmomin tun a hanya. Ganin ambulan ɗin ne ya kwance mini kai.

"Baba, don Allah kada ka zo."

Ya ajiye dutsen guga.

"Kai kake kashe mana gwanjon. In ka ɗaga hannu ba mai ƙarawa. Ba rowa suke yi ba, kunyarka suke ji. Firjin nan mutum uku suka zo dominsa, kowane a shirye yake ya ninka abin da ka biya sau huɗu."

Ya dubi firjin, ya daɗe yana dubansa. Na jira ya dube ni ta saman tabarau, bai yi ba.

"Duk shekara ukun?" ya tambaya.

"Duka."

"Ba wanda ya gaya mini."

"Wa zai iya, Baba?"

Ya cire wayar dutsen gugar daga bango, ya ninke rigar da bai gama gogewa ba. Na fita ina jin haushinsa, ina jin haushin kwamiti, na kaina kuma ya fi duka.

Ranar gwanjo kujerar tsakiya a layin gaba ta zauna ba kowa, don ba wanda ya yarda ya hau ta. Da farko mutane suna ta waiwayen ƙofa. Da aka ga shiru, sai bakanike ya taya agogon bango, mai kemis ya ƙara, matar tela ta miƙe tsaye ta ƙara a kan nasu. Kafin a kai kaya na biyar ɗakin ya koma kasuwa. Dillali ya jiƙe da gumi yana ihu, mutanen da suka yi shekara uku suna sunkuyar da kai suna nuna wa juna yatsa a kan tukunyar gas. Tun ba a kai rabi ba kafinta ya raɗa mini cewa kwano da katako sun samu.

Na fita in sha iska ta ƙofar baya. A gindin tagar ɗakin taron, inda ba mai hango shi daga ciki, Baba na zaune a kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa ƙirjinsa. Ya harɗe hannayensa biyu ya matse su a tsakanin cinyoyi. A ciki aka kwashe da shewa, an sallama wani abu.

"Za a yi rufin?" ya tambaye ni a hankali.

Na ce za a yi.

Ya gyaɗa kai. "To koma ciki, Uwata, kada su lura ki jawo su nan. In sun gan ni za su daina."