Kafintan da Ya Je Koyon Faɗuwa

Kowa a layinsu Kafinta yake ce masa, har matarsa in ya ba ta haushi. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, ya haura hamsin, kuma rabin gidajen unguwar shi ya yi musu rufi. Doka ɗaya ya gada wajen wanda ya koya masa aiki: abin da ke hannunka a sama ba ka sakinsa, don ba ka san kan wa zai sauka ba. Ranar da tsani ya zame da shi, dokar ce ta karya shi. Ya taho ƙasa riƙe da guduma gam, ya dafa da hannu a sandare, wuyan hannun ya tafi.

Ƙashi ya haɗe ba da daɗewa ba. Zuciya ce ta ƙi. Da ya taka tsani sai ya sauko. Ya koma yin benci da kanta, aikin rufin da ke ciyar da gidan kuma ya riƙa wucewa hannun wasu. Kicin ɗinsa ma yoyo yake yi. Matar takan tara bokiti a ƙarƙashi, in maƙwabciya ta shigo ta nuna mata, ta ce a taya ta murna, ita ce matar mai rufi.

'Yarsa ta fari, wadda ke aikin jinya, ta ce ya nemi wani motsa jiki, ko tafiya ce da safe. Ya ce shi ba zai yi ta yawo ba tare da inda za shi ba. In dai koyo ne, faɗa zai koya, tunda tsoro ne ya kama shi. Kuma ba zai ɗauki tebur mai ƙafa uku ba, cikakke yake so.

Haka ya bi makarantun koyon faɗa yana duba su kamar mai sayen katako. Wajen masu dambe ya ga hannu kawai ke aiki, ya ce sun bar ƙafa tana zaman banza. Wajen masu shuri ya ga samari na ɗaga ƙafa har saman kai, ya shafa ƙugunsa, ya fita ba sallama. Na ukun wani ɗaki ne a bayan shagon taya, ƙasansa shimfiɗe da katifun roba. A nan ya ga ana naushi, ana shuri, ana riƙo, ana kayarwa, har a ƙasa ana ci gaba da kokawa. Malamin wani gajeren dattijo ne mai tumbi, tsohon direban bas. Kafinta ya ce wannan dai ƙafa huɗu ne, ya sa a rubuta sunansa.

Da matar ta ga fararen kayan horon da ya kawo, sai ta ce yanzu kuma wanki ya ƙaru, rufi bai gyaru ba.

Ranar farko ya zo da shirin naushi. Malamin ya ce ya tsuguna ya faɗi ta baya. Ya tashi, aka ce ya sake. Sati ya zagayo, ba a koya masa komai ba sai faɗuwa, ta baya, ta gefe, ta gaba. Haƙurinsa ya ƙare.

"Malam, ni fa faɗuwa na iya ta. Ita ta kawo ni nan."

"Faɗowa ka iya, Kafinta. Sauka ce ba ka iya ba. Buɗe hannun nan. Me kake riƙe da shi?"

Ya duba. Hannun damansa a dunƙule yake, a miƙe, ba komai a ciki. Duk faɗuwar da ya yi a satin nan, da gudumar da babu ita yake yin ta. Malamin ya nuna masa yadda ake sa haɓa a ƙirji don kare ƙeya, a lanƙwasa baya, a mari katifa da tafin hannu a buɗe. Kafinta ya ce a sana'arsu wanda ya buɗe hannu a sama ya kashe mutum. Malamin ya ce to ya nemo wa gudumarsa dabara, shi dai ba zai bar ɗalibi ya faɗi kamar ƙyauren ƙofa ba.

Buɗe hannun nan ya fi kowane naushi ba shi wuya. Ya koyi naushin daga baya, da shuri iya gwiwa, da yadda ake zame wa riƙo. Ba gwani ba ne, kada a yi masa ƙarya. Wani malamin makaranta siriri yakan kayar da shi yadda ya ga dama. Amma ya sha ƙasa har ƙasa ta daina ba shi tsoro.

Wata safiya da hadari ya haɗu, ya jingina tsani a bangon kicin. Ya huda ƙotar gudumar, ya zura igiya, ya ɗaure a ɗamararsa. Matar ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa. Ya hau kaɗan kenan sai takalminsa ya zame a kan matakin da raɓa ta jiƙa. Ya taho ta baya, haɓa a ƙirji, hannu a buɗe, ya mari ƙasa, ya mirgina ya bi ta kan bokitin da ta fito da shi. Guduma na lilo a ƙugunsa.

"Baban yara, ka mutu ne?"

"Saura dai."

"To bokitina ya mutu."

Ya kakkaɓe wando, ya goge matakin da gefen rigarsa, ya sake hawa, wannan karon har sama. Kafin ruwan ya sauko ya canja kwanon rufin da ya ɓule.

Yanzu aikin rufi ya dawo masa, kuma bai bar zuwa bayan shagon taya ba. Duk kayan aikinsa da igiya a jiki. Bokitin kuwa har yau bai saya mata wani ba. Ya ce gidan da ba ya yoyo me zai yi da shi.