Goggo Kumfa, Mai Shanya a Tagar Mutane

Mai Saƙa tana zaune a bakin ƙofar ɗakin mijinta, tana saƙa safar jarirai tana share gumi da gefen zane, sai ta ji baho ya daki ƙyauren gida. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Yau kin makara, Kumfa," ta ce. "Direbanki ya kusa dahuwa."

Da ta ɗaga ido sai ta ga ba aminiyarta ba ce. Babbar 'yar Kumfa ce tsaye da bahon a ka, ruwa na ɗiga mata a kafaɗa, ƙafarta ko takalmi babu.

"Inna," in ji ta, "Mama ta rasu."

Ta sauke bahon a gabanta. Zannuwan gado ne a ciki, jiƙaƙƙu, suna ƙamshin sabulu.

"Ta gama ɗauraya, ta ce bari ta ɗan jingina da bango kafin ta kawo muku. Na zo tashinta, ashe shi ke nan. Na rasa abin yi, sai kawai na ɗauko, don ta ce na ɗakin Baba Direba ne. Ana shirya ta, Inna. In kina son ganin fuskarta, kada ki daɗe."

Ta juya ta fita da gudu.

Mai Saƙa ta yi salati, ta sake yi. Ta fizgi mayafi, har ta kai ƙofar gida sai ta ji numfashin mijinta daga ɗaki, gajere-gajere, kamar mai hawan tudu da kaya. Ta tsaya cak.

Shekaru ke nan da ɓarin jikin mijin nata, Direba, ya shanye. Ɗakinsa rufin kwano ne ba silin, in bazara ta kama, kafin rana ta kai tsaka ya zama tanda. Fankar da ke rataye a sama ado ce, don wuta ba ta cika zuwa ba, in ma ta zo iska mai zafi take kaɗawa. Likita ya gargaɗe su cewa zafi shi ne babban abokin gabarsa. Yaran duk suna can wajen neman abinci, maƙwabta kuwa yanzu kowa ya nufi gidan rasuwa. In ta tafi ta bar shi haka, ba ta san yadda za ta dawo ta same shi ba. In ta zauna, za a fita da Kumfa ba ta gan ta ba. Ga baho a tsakani. Shekara da shekaru tana kallon yadda ake shanya zannuwan nan, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa sa hannu ba.

Goggo Kumfa ta zo layin nan ne tana da sauran ƙuruciya, mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, baho ɗaya da igiya. Ɗakin da ta kama ba shi da filin shanya. Ranar da ta karɓo wankin wani ƙaramin masauki, ta wanke zannuwa tuli, ta rasa inda za ta baza su. Sai ta ɗauko baho ta yi sallama a gidan farko da ta gani a buɗe, kumfa har gwiwar hannu. Daga nan sunan ya bi ta.

"Baiwar Allah, don Allah ki ara mini tagarki."

"Taga kuma? Ana aron taga?"

"Yau dai za a fara."

A ranar Mai Saƙa na fama da jaririnta na fari, ƙurajen zafi sun feso masa, tun safe yake tsala kuka. Baƙuwar ta ɗaura igiya ta rataya zane a gaban tagar. Iska ta ratso ta cikinsa ta shigo da sanyi-sanyi, kamar an buɗe bakin randa. Yaro ya yi ajiyar zuciya, ya yi barci. Matan biyu suka kalli juna suka tuntsire da dariya, kowa na toshe baki kada ya farka. Amincin da ya kai su furfura daga nan ya soma.

Kafin bazarar ta wuce, mai roƙon taga ta zama wadda ake roƙo. Ita kuwa tana da tsarinta, ba wanda ya isa ya canza mata. Manyan zannuwa na mai jego ne da tsoho da marar lafiya. Masu lafiya sai abin da ya rage. Mai aski ya taɓa tare ta a hanya yana kukan shagonsa ya yi zafi.

"Goggo, ni fa? Ko ni ba mutum ba ne?"

"Kai da ƙatuwar lafiyarka? Ungo." Ta rataya masa singileti ɗaya da safa ƙafa biyu a taga, ta wuce abinta ana ta dariya.

Masu kayan ba su taɓa ƙorafi ba, don wankin Kumfa a inuwa yake bushewa, launinsa ba ya koɗewa. Ko sisi ba ta karɓa a wajen masu taga. In an matsa mata sai ta ce ai ita ce ma ya kamata ta biya haya. Ɗakinta kuwa ya fi na kowa zafi, amma ba ta taɓa rataya ko hankici a tagarta ba. "Ni da nake cikin ruwa tun safe kamar kwaɗo, me zan yi da sanyi?"

In sanyi ya shigo, sai lamari ya juye. Ba mai neman jiƙaƙƙen zane, hannuwan Kumfa su tsattsage saboda ruwa, yatsunta su ƙi lanƙwasuwa. Lokacin Mai Saƙa ke nan. Ta saƙa mata hula da safa da rigar sanyi mai kauri, da yamma ta zaunar da ita a gefen murhu tana shafa mata mai a tafin hannu, tana yi mata faɗa. "Mun raba shekara gida biyu," in ji Kumfa. "Ke ta sanyi, ni ta zafi. Kowa ta riƙe nata." In zafi ya dawo kuwa, da ta ga ulu a cinyar ƙawarta sai ta kau da kai: "Kawar da abin nan, ganinsa ma gumi yake sa ni."

Da Direba ya kwanta, zane mafi girma ya zama nasa. Kullum kafin rana ta take, Kumfa za ta shigo da baho.

"Direba, yau ina muka nufa?"

Shi kuma da harshensa mai nauyi ya ce, "Bakin teku. Kwandasta, sauke gilas."

Wannan ce kaɗai dariyar da yake yi a yini.

Yau ga baho, babu kwandasta. Mai Saƙa ta ajiye mayafi, ta ja bahon cikin ɗaki. Ta ɗauko zane ta matse shi iya ƙarfinta don kada ya jiƙa daɓe, ta rufe taga da shi ruf. Ta ɗauko na biyu ta toshe ƙofa, a ganinta biyu sun fi ɗaya sanyi. Ta tsaya tana jira. Ɗakin ya yi duhu, ya yi gumi, kamar an rufe tukunya da murfi. Numfashin Direba ya ƙara gajarta.

"Wayyo, Kumfa," ta ce a hankali, "kin tafi kin bar ni da abin da ban iya ba."

Ta juya wajen gado. Ashe ya ji komai tun ɗazu. Hawaye na gangara masa har cikin kunne. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana nuna kwandon saƙarta.

"Zare," in ji shi da ƙyar.

"Me za ka yi da zare, Baban yara?"

"Zare. Iska."

Sai ta tuna. Kullum Kumfa kan tsinki ɗan ulu daga kwandon, ita kuma ta yi ta mitar ana yi mata ɓarna. Jiya ma ta tsinka, amma maimakon ta riƙe da kanta, sai ta danƙa mata a hannu ta tsayar da ita a tsakiyar ɗaki, ta yi ta bayani, ita kuwa rabin hankalinta na kan ƙirga idon saƙa.

Ta yaye zannuwan duka biyu. Ta tsinko ulu ta ɗaga shi da yatsu biyu. Ulun ya tsaya cak, sannan ya karkata a hankali, daga ƙofa zuwa taga. Ashe yau ta ƙofa iskar take shigowa. Ta mayar da zane ɗaya cikin baho ya sha ruwa, ta matse shi sama-sama, ta rataya a ƙofa, ta bar tazarar tafin hannu. Ta tura bahon ƙarƙashinsa, bakin zanen ya nutse a ruwa don ya riƙa ja da kansa. Tagar kuwa ta wangale ta, iska ta sami hanyar fita.

Zanen ya motsa, ya kumbura kaɗan. Sanyi ya taɓa mata wuya. Ta zuba wa ƙirjin mijinta ido, tana gani yana hawa yana sauka, har ya koma daidai. Ta share masa fuska, ta ajiye kofin ruwa inda hannunsa zai kai.

"Je ki," in ji shi. "Ki ce wa kwandasta... mun isa."

Ta ɗauki mayafi ta fita. Duk layin, taga bayan taga, igiyoyin Kumfa na nan a ɗaure, babu komai a kansu. Tana sauri, ulun na naɗe a yatsarta, maganarsu ta jiya tana dawo mata tiryan-tiryan. A bakin ƙofa suka yi ta, Kumfa ta saƙale baho a hammata.

"Kin dai ji abin da na faɗa miki ko?" in ji Kumfa.

"Ke kina nan, me zai sa in wahalar da kaina? Ba mun raba shekara ba?"

"Raguwar banza. Gobe ke za ki shanya, ni in miƙe ƙafa in riƙe miki ulu."

"Allah ya kai mu. Zan ga yadda za ki zauna hannu ba kumfa."

"Ki dai ajiye mini ruwan randa. Kuma don Allah, ƙawata, kada ki shaƙe mini zane kamar wuyan kaza."