Wanda Shamuwa Ta Ƙi Saukewa

A gidanmu, a wani ƙauye yamma da Tanout, hira tana da tsari. A yi sallar isha, a ci tuwo, a wanke ƙore, sannan a hura wutar kara a ƙofar ɗakin Kaka. Mu jikoki mu zauna, ƙanana a gaba, manya a baya, ta raba mana gasasshiyar gyaɗa da hannunta. Muryarta tana da daɗi, ba na musun wannan. In ta kwaikwayi kura, har akuya sai ta miƙe tsaye.

Rediyo ya shigo gidan ta hannun Baba Habu, ƙanen mahaifina, autan Kaka. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Tanout. Ya sayi rediyon wurin wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya ja waya daga bakin rumbu zuwa reshen aduwa. Bai damu da waƙa ko labarai ba. Matuƙan jiragen sama yake saurare, masu ƙetare teku. Muryar takan fara zuwa kamar kukan agwagwa, sai ya murza wani ƙaramin maɓalli ta koma ta mutum. Ya ce dole kowane matuƙi ya kira ƙasa, ya faɗi inda yake da inda ya nufa. Mu sunan gari kawai muke ganewa: "Dakar, Dakar."

Wata shekara, gero na tsaye ba a yanke ba, Baba Habu ya ce zai tafi Agadez, daga nan Libiya, daga nan ƙetare. Kaka ta ce ya bari a kai amfani rumbu. Bai bari ba. Ya bar matarsa Hadiza, da ƴarsa Rabi, sa'ata, da rediyon, ya karce gilashinsa da ƙusa daidai inda allura za ta tsaya. Daga ranar Kaka ba ta ƙara kiran sunansa ba.

Hadiza takan kunna rediyon bayan isha a bakin ɗakinta, ƙasa-ƙasa. Rabi ta sa a ranta babanta yana cikin jiragen nan. Kaka ba ta hana ba. Sai ta ƙirƙiro sabuwar tatsuniya.

"Rabi, matso kusa da ni," ta ce. "Ga ta nan ta sauko."

Muka ce, "Ta zauna mu ji ta."

Wai wani saurayi ne ya roƙi shamuwa ta ƙetare babban ruwa da shi. Uwarsa ta ce ya jira a gama girbi. Ya bar ta tana barci, ya hau bayan tsuntsuwar. Da suka kai tsakiyar ruwa, shamuwa ta tambaye shi, "Uwarka ta sallame ka?" Ya ce a'a. Ta ce, "To ba gaɓar da za ta karɓi wanda ba a sallama ba." Tun daga nan suke kewaye a sama, yana kiran garuruwa da sunayensu, kowane gari yana toshe kunne.

A daidai nan muryar ta taso daga bakin ɗakin Hadiza tana kiran Dakar, ba amsa. Kaka ta ɗaga yatsa.

"Kun ji shi? To shi ne."

Yara suka fashe da dariya. Rabi ta ce, "Kaka, yaushe za ta sauke shi?"

"Ba ta saukewa. Ci gyaɗarki."

Hadiza ta ce, "Inna, don Allah, yarinya ce."

"Tatsuniya nake yi wa jikokina. Ke da kike ƙarar da pil ɗin rediyo a kan kukan agwagwa, na hana ki?"

Daga nan tatsuniyar ta shiga tsari. Ita ce ta ƙarshe kowace hira, kuma Rabi ce a gaba.

Shekaru suka wuce, har Rabi ta isa daka. Wata rana wani ɗan kasuwa daga Tarka ya zo da wayar salula. Ya ce Habu yana kwance a gidan likita a ƙetare, jiki ya yi nauyi, gafarar uwarsa yake nema, zai sake kira bayan la'asar. A lokacin sai an hau tudun bayan gari waya take kamawa.

Mahaifina ya durƙusa gaban Kaka, tana tankaɗe.

"Ƙafata ba ta hawa tudu," ta ce.

"Inna, a ɗaura jaki."

"Na ce a kawo jaki?"

Muka hau tudun ba ita. Wayar ta yi ƙara. Hadiza ta yi magana, Rabi ta yi, mahaifina ya karɓa. Ina kusa, na ji muryar, siririya, da shu-shu a bayanta irin na rediyon. Ya ce, "Inna fa?" Ya sake cewa, "Inna? Inna?" Sai layin ya yanke. Da dare aka ci tuwo, aka wanke ƙore, aka hura wuta, Kaka ta yi tatsuniyar shamuwa. Rasuwarsa ta iske mu kafin damina.

Da na girma na zauna a Zinder, na sayi irin rediyon, na nemi wanda ya fassara mini. Nan na gane abin da muka sha ji ba mu sani ba. Idan matuƙi ya yi ta kira ƙasa ba ta amsa ba, wani matuƙin da ke kusa yakan shigo, ya karɓi saƙon ya miƙa, ya dawo masa da amsa. Ba su san juna ba, amma ba sa barin mutum yana kira shi kaɗai. Mahaifina ya so ya zama wannan matuƙin a kan tudu, sai dai ba a ba shi amsar da zai miƙa ba, kuma shi ba ya ƙarya.

Na gaya wa Rabi wannan, ita ma yanzu tana da jikoki. Ta ce ta sani tun tana ƙarama, babanta ya nuna musu su duka, har Kaka.

"Ta sha jin muryar nan ta biyu," ta ce. "Ba ta dai taɓa sa ta a tatsuniyar ba."