Abin da Muka Binne a Gonar Malam Idi

Har abada ba zan manta da ranar da aka kira ofishinmu daga Ajingi ba. Lokacin ina mataimakin sufeto a sashen da ke sa ido kan kayan nukiliya. Duk wanda ya shigo da irin kayan nan, asibiti ne ko kamfani, mu ne muke bin sawu mu san inda suke, da wanda yake riƙe da su, da wanda zai iya kai hannu gare su.

Wani kamfani ne yake binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa a gonakin ƙauyen Gafasa, bayan an cire gyaɗa. Idan sun haƙa rijiyar burtsatse, sukan zura wata na'ura da igiyar ƙarfe don su gane inda ruwa yake kwance. A cikinta akwai wata ƙwaya da ba ta kai ɗan yatsa ba, an rufe ta ruf cikin ƙarfe. Tana fitar da tururin da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, amma idan mutum ya daɗe kusa da ita sai ta nakasa shi. To, igiyar ce ta tsinke, na'urar ta maƙale can ƙasa.

Muka kama hanya ni da shugabata, Dakta Binta. A Gaya muka ɗauki 'yan sanda, muka isa gonar muka kewaye wurin da igiya. Ma'aikatan kamfanin suka yi ta zura ƙugiya. Sai ta kama, a fara ja, sannan ta suɓuce. Ana haka bangon rijiyar ya rufta, rairayi ya danne na'urar.

Shugaban ma'aikatan ya ce, "Dakta, a bari mu sa injin haƙa mu bi ta kanta."

Ta ce, "Idan bakin injin ya fasa ƙwayar fa? Yanzu a rufe take, ba ta taɓa ruwan kowa ba. In ta fashe, wa zai tace ruwan ƙasar nan? A dakata."

Ƙa'idar aikinmu a irin wannan hali ita ce a bar ta inda take. A cika ramin da siminti mai jan launi, don duk wanda ya haƙo ja ya san akwai magana, a ɗora murfin ƙarfe mai kauri, a kafa allon gargaɗi. Ni aka ba aikin auna haɗarin. Da na duba, sai na ga ɓarawo ba zai iya kaiwa wannan zurfin ba sai da injin da duk gari zai ji ƙararsa. Wanda nake tsoro shi ne mutumin kirki da zai zo wata rana neman ruwa, ya kafa injinsa a wurin bai sani ba.

Aka tara jama'a a ƙofar gidan dagaci. Mai gonar, Malam Idi, dattijo ne mai ƙarancin magana. Na yi bayani, na tabbatar musu mun auna rijiyoyin gari lafiya lau. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Ɗana, yaushe abin zai mutu?"

Na ce, "Baba, sai ya yi sama da shekara ɗari huɗu kafin rabin ƙarfinsa ya tafi."

"Rabi?"

"Rabi, Baba."

Liman ya ce "Subhanallahi" a hankali. Ni kaina na sha rubuta wannan adadi a jarrabawa, amma ban taɓa jin nauyinsa ba sai ranar, ina tsugune gaban mutanen da suka san kaburburan kakanninsu. Abin da za ka ɓoye a tafin hannu, ga shi zai ga bayanmu, ya ga bayan jikokin jikokinmu, yana nan yana huci a cikin duhu.

Malam Idi ya ce, "To, wa zai gaya wa mutanen wancan zamani?"

Na ce akwai allon gargaɗi, kuma za mu riƙa zuwa dubawa.

Ya ce, "Madalla, ku yi naku. Mu ma bari mu yi namu."

Ya juya wajen dagaci. "Ranka ya daɗe, ku shaida. Daga bakin ramin nan zuwa inda suka ja igiya, na cire shi daga gonata. Na bayar waƙafi saboda Allah. Ba a sayarwa, ba a gado, ba a haƙa."

Babban ɗansa, Habu, ya yunƙura. "Baba, nan ne fa inda gyaɗa ta fi yi."

"Na sani. Ni na share wurin tun kafin a haife ka. In na bar shi cikin gado, wata rana wani zai sayar, wanda ya saya kuma bai ji abin da muka ji yau ba."

Habu ya sunkuyar da kai, ya koma ya zauna.

Liman ya ce waƙafi yana son amfanin da jama'a za su riƙa ci. Malam Idi ya ce a dasa kuka, ganyenta sadaka ne ga duk mai son miya. Ya tambayi Dakta ko da matsala. Ta ce babu, muddin an ja da ita nesa da simintin, ta nuna musu kusurwoyin da za a dasa. Muka shiga mota muka kama hanyar komawa. Sai da muka wuce Gaya, Dakta ta ce mini, "Ka sa wannan a rahotonka, cikin matakan tsaro."

Malam Idi ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Da aka zo rabon gonarsa, an ce sai da liman ya tsaya a wurin ya maimaita maganar kafin a auna ko taƙi ɗaya. Zuwana na ƙarshe kafin na yi ritaya, kukokin sun fi ni tsawo. Na durƙusa kan simintin da na'urar awo, sai wata mata mai tsinkar ganye, wadda aure ya kawo garin daga baya, ta ɗaga murya.

"Malam! In rijiya kuka zo haƙawa, nan ba a haƙa. Akwai amanar da aka ba mu a ƙasan."

Na ce, "Na gode, Hajiya. Ba zan haƙa ba."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, za a koya muku makulli da siminti da awo, kuma ku riƙe su da kyau. Amma kayan da muke tsaro sun fi mu tsawon rai, sun fi ofishinmu. Duk inda kuka je, ku zauna a ƙasa ku gaya wa mutanen wurin gaskiyar abin da yake kusa da su, domin bayan mun tafi, su ne masu gadin.